Ƙullutu a jikin tsohuwar mage ba maganin shago ba ne

Shagona a Obalende yake, cikin Legas. Abincin mage da na karnuka nake sayarwa, da yashin da mage ke kashi a ciki, da sabulun wanka da maganin ƙuma. Yawancin masu shigowa 'yan'uwanmu ne masu gadi da direbobi da ake aikowa daga gidajen Ikoyi, sai matan unguwa da ke ajiye mage saboda ɓera. Riba tana cikin buhun abinci, amma abin da ya fi cin mini lokaci maganar ƙullutu ce.

Mutum zai miƙo hoto a waya: "Alhaji, dubi abin da ya fito mata, ba ni magani." Ni kuwa sai na ji shekarunta da inda abin ya fito.

In muzuru ne mai yawon dare, kumburin ya taso cikin 'yan kwanaki, da zafi, ba ya bari a taɓa, galibi cizon faɗa ne ya tara mugunya. Da damina kuma akwai tsutsar ƙuda mai shiga ƙarƙashin fata, za ka ga ɗan rami a tsakiyar ƙurjin. Waɗannan ba sa ba likitan dabbobi wahala.

Wanda ke tayar mini da hankali shi ne mai tauri a layin nonon macen da ta kai shekara 10. Farkonsa bai fi ƙwayar wake ba, ba ya mata ciwo, tana cin abincinta lafiya lau, shi ya sa ake sakaci. Alhali a mage, cikin irin wannan ƙarin guda 10, 8 zuwa 9 ciwon daji ne, kuma ba ya jimawa yake kaiwa huhu. In an yi tiyata kafin ya kai santimita 2, ta fi samun tsawon rai. Wadda aka cire wa mahaifa da ƙwai kafin wata 6 da wuya ya same ta, amma a cikinmu wa ke yin haka?

Akwai kuma ƙullutun da ke fitowa a gurbin da aka yi wa mage allura. In ya wuce wata 3 bai baje ba, ko ya fi santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata guda, a mayar da ita wurin likita.

Yatsa ba ya bambance kitse da daji. Likita ne zai soka siririyar allura ya ɗebo na ciki a kai ɗakin gwaji.

Wata Hajiya ta ce mini ta shafa man zafi, za ta ƙara da rabin Panadol. Na ce Hajiya, don Allah kada ki kuskura. Hantar mage ba ta iya sarrafa Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Wasu sukan ji haushi su wuce shagon gaba su sayi man shafawa, ciniki ya kuɓuce mini. Wanda ya tsaya, ina kwatanta masa asibitin dabbobi a bayan rasit. In mai gadi ne kuwa sai na ce ya haɗa ni da oga a waya, don saƙon "a kai ta yau" in ya bi ta bakin ɗan aike yakan koma "a ɗan jira a gani".