Ranar da murfin jirginmu ya tsage a Agege

Shekara uku muka yi muna harhaɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu a wani gareji da ke bayan gidan Alhaji a Agege. Shi ne mai kuɗin, ni ne mai hannun. Ya neme ni saboda a ƙuruciyata na yi aiki a Kaduna lokacin da ake haɗa Air Beetle, jirgin koyon tuƙi na sojojin sama, wanda asalinsa RV-6A ne na Amurka, aka sayo kayan haɗa jirage guda 60. Namu ma daga dangin nan yake. Alminiyam da ribiti na san su kamar yunwar cikina. Murfin ɗakin matuƙi kuwa ban taɓa ɗaura shi da hannuna ba, wasu ne ke yi muna kallo daga nesa.

Murfin gilashin roba ne, wanda ake ce wa akirilik, an busa shi ya yi kumburi kamar rabin ƙwarya. Yankansa bai ba mu wahala ba. Turawa sai sun ɗumama ɗaki kafin su taɓa shi, domin da sanyi yana fashewa, mu kuwa Legas ta ɗauke mana wannan nauyi. Da siririn faifan giranda muka yanka, ba da zarto ba, kuma duk yankan da muka yi sai mun bi bakinsa da samfefa ya yi sumul kafin mu ɗaga shi. Ƙaramin tabo a baki shi ne mafarin tsaga.

Wajen huji ne na yi ɓarnar. Na huda ramukan ɗaure murfin a jikin firam ɗinsa daidai kaurin sukuru, babu rara ko kaɗan, kamar yadda hannuna ya saba da ribiti. Na ɗaure su tamau da sassafe, wata ranar damina garin ya yi luf. Bayan kwana biyu rana ta buɗe, muka turo jirgin tsakar gida don Alhaji ya nuna wa baƙinsa, muka bar murfin a rufe muka tafi sallar azahar. Da muka dawo, ga tsaga ta taso daga ramin ƙarshe na baya, tsawon ɗan yatsa.

Da farko yaron da ke taya ni na tsare da faɗa, na ce shi ya jingina a kai. Ya ce, "Wallahi Kawu, ko kusa da shi ban je ba." Ashe na bar jaki ne ina dukan taiki.

Daren nan na zauna da biro na yi lissafi. Akirilik yana miƙewa da zafi kusan ninki uku na alminiyam, kusan ninki shida na ƙarfe, firam ɗinmu kuwa bututun ƙarfe ne. A tsawon mita ɗaya da rabi, idan zafi ya ƙaru da digiri 30, robar za ta ƙara kusan milimita 3, ƙarfen kuwa rabin milimita kawai. Murfi a rufe cikin ranar Legas tanda ne, digiri 30 ɗin nan ba wuya a same su. Robar tana son tafiya, sukurori sun riƙe ta, kuma wanda ke can ƙarshe shi ne duk turin ya taru a kansa. Shi ya sa daga nan ta ɓalle.

Alhaji ya zo ya daɗe yana duban tsagar. Mu duka mun san sabon murfi sai daga Amurka, sai dala, sai jiran watanni kafin ya fito daga tashar Apapa. Ya ce, "Malam, akwai dabara ko mu haƙura?" Na ce, "Akwai, ranka ya daɗe, amma sai ka bar ni na yi a hankali."

Na fara da huda ƙaramin rami na milimita 3 a daidai inda tsagar ta tsaya, don kada ta ci gaba. Allah ya taimake mu tana wurin da zanen alminiyam na gefe zai rufe. Sannan na kwance komai. Bakin huji na ƙarfe yana cafkar roba yana fizga, musamman lokacin da zai ɓulla ta baya, don haka na dasashe kaifinsa a kan dutsen wasa har ya koma kankara maimakon yanka. Sai da na gwada shi sau fiye da ashirin a kan guntayen da muka yanke kafin na kusanci murfin. Kowane rami na buɗa shi ya fi sukurunsa da milimita 2, katako a tokare a bayansa, injin yana juyawa a sannu. Na goge bakin kowanne ciki da waje, na sa guntun tiyo mai laushi a jikin sukurun da zoben roba a ƙarƙashin kansa. Ɗaurin kuwa da yatsu ne: da zarar ya zauna, na tsaya. Har yau hannuna na ƙaiƙayin ƙara masa rabin juyi.

Wani abin da na kusa yi kuma shi ne ɗiga Loctite, wani ruwan gam na riƙe sukuru, don kada sukuran su kwance. Yana cin akirilik, ya bar shi da ƙananan tsage kamar saƙar gizo-gizo. Haka tina ta tsinka fenti da fetur da ruwan goge gilashin mota mai amoniya. Noti mai roba a ciki muka sa, wanka kuma sai ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Da hunturu idan ƙura ta kwanta, a fara zuba ruwa tukuna, busasshen tsumma karce shi yake yi.

Wani makaniken jirgi a Ikeja ya ce da shi ne ba zai huda ko ɗaya ba, da gam ɗin Sikaflex zai manna, ya bar kauri tsakanin roba da firam. Ina ganin gaskiyarsa, sai dai ramukanmu sun riga sun huda.

Wata takwas ke nan. Na ja layi da jan biro a kan salatif kusa da ƙaramin ramin, kowace Juma'a kafin mu tafi masallaci nakan duba, tsagar ba ta motsa ba. Matar Alhaji ta ɗinka wa murfin farar riga da auduga, kuma yaron nan yanzu shi ke tuna mini idan na manta na bar shi a rufe cikin rana.