Jirgin nawa ne, motar da ke jan sa ta shata ce

Ina da jirgin ruwa na faiba mai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Da shi nake zagaya sansanonin masunta a dam ɗin Tiga, ina sayen karfasa da tarwaɗa tun suna motsi, in kawo bakin ruwa inda dillalai ke jira, ragowar kuma in zuba a kuloli da ƙanƙara in sa a motar haya zuwa Kano. Galibin shekara jirgin yana cikin ruwa, ba ruwansa da kwalta. Sai dai akan samu lokacin da dole ya fito: ko faibar ta tsage a kai shi wajen masu gyara a birni, ko kamu ya ja baya a Tiga a koma dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, ko kuma damina ta yi nisa ruwa ya malale fadamun Haɗeja, aiki ya koma can. Waɗannan fitowar ba su taka kara sun karya ba, amma a kansu ne 'yan uwa suka yi ta matsa mini in sayi akori-kura.

Yayana ne kan gaba. Ya ce, "Kai fa, kayan aro ba ya rufe katara. Mutum da jirgi amma kullum yana bin tasha neman mota?" Na ce, "Yaya, ka bari in yi lissafin tukuna, in ya fita wallahi zan saya." Lissafin bai fita ba.

Mota ko tana kwance tana cin kuɗi. Takardu sai an sabunta su duk shekara, inshora ma haka. Baturi yana mutuwa in ba a tayar da mota, tayoyi suna tsattsagewa a zafin Maris da Afrilu ko ba su taka ƙasa ba, ɓeraye su shiga su cinye wayoyi. Kuma ba kowace akori-kura ce za ta yi wannan aikin ba, sai mai jan ƙafa huɗu irin Hilux, ita ce kuwa ba ta taɓa yin araha a ƙasar nan saboda gwamnati da kamfanoni duk ita suke nema. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Darajar naira ta faɗi a tsakanin nan, sai kuɗin motocin Kwatano da na kayan gyara suka bi sahu. Ajiye irin wannan mota don jan jirgi jefi-jefi daidai yake da kiwon doki shekara guda saboda hawan Sallah kaɗai.

Akwai kuma wani kuɗin da ba ya shiga takarda. Akori-kura a ƙofar gida ta dangi ce. Yau kai kayan jeren amarya, gobe ɗauko hatsi daga gona, jibi kujerun suna. Ba ka iya hanawa, ba ka kuma iya buɗe baki ka ce a zuba mai. Ban ce taimakon 'yan uwa asara ba ne, amma duk mai lissafin gaskiya sai ya sa wannan a ciki. Masu cewa in saya in sa ta haya su ma na saurare su. Wannan wata sana'a ce daban, mai bukatar direba amintacce da bin balas da zaman gareji, ni kuwa idona a kan ruwa yake.

A Amurka akwai kamfanoni irin su U-Haul da za su ba ka akori-kura da ƙugiyar ja a jikinta, ka tuƙa da kanka ka dawo musu da ita. Mu a nan shata ake ɗauka, mota da direbanta, wani lokaci har da yaron mota. Wannan ya fi mini, don direban ya san halin motarsa. Matsalar ita ce motocin tasha an tanade su ne don ɗaukar kaya a baya, ba don ja ba, saboda haka da wuya ka samu mai ƙugiya ta gaskiya. Da ka yi magana sai a ce, "Alhaji, ai ba komai, ga mai walda can, yanzu zai liƙa ƙarfe a bamba." Kada ka yarda. Bamba ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyin ba, ramin farko mai zurfi zai iya raba ka da jirginka a tsakiyar titi, mutane na biye. Ƙarfen ja sai an ɗaure shi da manyan kusoshi a jikin shasin motar. Sai da na sha yawo kafin na samu direbobin da motocinsu ke da shi, kuma su nake riƙe da su har yau.

Ƙwallon ƙugiyar da bakin tirela, wato amalanken da ake ɗora jirgi a kai, ke hawa kai shi ma ba iri ɗaya ba ne. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai inci 2 akwai kuma wanda bai kai haka ba. A ido kamar ɗaya suke, amma in ƙwallon ya yi wa bakin ƙanƙanta zai iya fita a kan gargada, in ya yi masa girma kuma ba zai kulle ba. Na sayi nawa wanda ya dace da tirelata, yana cikin jaka tare da sifanu, duk motar da na ɗauka shi ake ɗaura mata. Sarƙoƙi biyu na kariya ma nawa ne, ana gicciya su a ƙarƙashin bakin tirelar don in ya kuɓuce su tallafe shi kada ya caki kwalta. Abin da na fahimta ke nan: motar kaɗai ake haya, duk abin da ke haɗa ta da jirgi ya kamata ya zama mallakar mai jirgi.

Sai nauyi. 'Yar tirelar tawa mai taya biyu ce, ba ta da birki nata na kanta, kuma masu ƙera motoci irin Hilux sun iyakance jan tirela marar birki a kilo 750, duk da cewa wasu sababbin suna iya jan har kilo 3,500 in tirelar na da birki. Inji kaɗai ya kai kilo 70, ga jarkokin mai, ga kuloli, ga anga da igiyoyi. Don haka kafin a tashi nakan sa a kwance injin a ɗora shi a bayan motar a kan tsohuwar katifa, kansa a sama farfela a ƙasa, don kada ragowar ruwan cikinsa ya gangara cikin silinda. Jarkoki da kuloli su ma bayan mota. Jirgi ya tafi fayau, a zare toshiyar gindinsa ruwan ciki ya tsiyaye. A kuma tura shi gaba kaɗan a kan tirelar yadda bakin zai ɗan danne ƙugiya, domin in nauyi ya koma baya tirela takan fara wutsil-wutsil da zarar an ƙara gudu.

Inda kuɗin shatar ke biyan kansa kuwa shi ne bakin ruwa. Tiga, wanda aka gama a 1974, shi ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, saboda haka da rani ya kama ana sakin ruwa, gaɓa tana ja da baya. Wurin da ruwa ya bari yakan bushe daga sama ya yi ɓawo, ƙarƙashinsa kuwa laka ce zalla. Na ga wani bawan Allah ya zo da akori-kura mai jan baya kaɗai, don ta fi araha, ya ja da baya har tayoyin tirela suka taɓa ruwa. Aka ɗora jirgi, direba ya ba da wuta. Tayoyin baya suka fasa ɓawon nan suka fara watsa laka sama, motar tana nitsewa a hankali har ƙarfen ƙarƙashinta ya zauna a ƙasa, warin kuloci ya cika wurin. Masunta suka bar kallinsu suka zo da itatuwa da duwatsu, aka yi ta fama har bayan La'asar. Abin da ya rage a kuɗin shata ya biya ninkinsa a kuɗin turi da gyara.

Tun daga tasha nake cewa direba ya sa giyar ƙafa huɗu a gabana in gani, in kuma leƙa ƙarƙashin motar. Wasu tsofaffin motocin an cire musu farfelar gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, bayan ta lalace, sunan ƙafa huɗu kawai ya rage. Ko motar lafiyarta ƙalau, in ban yarda da ƙasar wurin ba, ba na bari ta sauka. Ta tsaya a kan tudu mai tauri, a ɗaura doguwar igiya mai kauri tsakaninta da tirela, a gangara da tirelar da hannu, sannan ta jawo a giyar ƙarfi sannu a hankali. Wani dattijon direba da nake yawan ɗauka shi ya nuna mini wannan. Ya ce, "Ɗana, mota ba ta da abin yi a cikin ruwa, igiya ce za ta shiga."

A kan hanya akwai abin da ba na fasawa. In mun yi ɗan nisa, misali mun iso Kwanar Dangora, sai a tsaya in sa bayan hannuna a kan cibiyar kowace tayar tirela. Ɗumi-ɗumi ba laifi. In ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ya bushe, sai an ƙara giris kafin a ci gaba. Haka kuma in an isa, ba a tsoma tirela cikin ruwa nan take. Boris mai zafi in ya haɗu da ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ciki, ya lalata giris, tsatsa ta biyo baya. Lokacin da za a ɗauka ana ɗora inji da mai da toshiya ya ishe shi ya huce.

Doguwar tafiya irin ta Haɗeja kuwa ba na jan tirela sam. Ƙananan tayoyinta ba sa son dogon gudu da ramuka. Motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta nake ɗauka, a shimfiɗa tsofaffin tayoyi, a tara majiya ƙarfi su ɗora jirgin a kai, a ɗaure da bel mai faɗi ba siririyar igiya da za ta ci faiba ba, a rataya jan ƙyalle a abin da ya zarce baya. Wannan ma wata riba ce ta shata: kowace tafiya da motar da ta dace da ita. Da na sayi guda ɗaya, da ita zan tilasta wa kowane aiki.

Ciniki ana gama shi kafin a tayar da mota, a gaban shugabannin tasha. Mai na wa ne, dawowa fayau tana cikin kuɗin ko a'a, in an yi jira a bakin ruwa wa zai biya, kuɗin tikitin ƙungiya da na masu karɓar haraji a hanya a wuyan wa yake. Sai babbar magana, wato ɓarna. Malamai sun ce abin haya amana ne, ba a biyan abin da ya lalace sai in an yi sakaci ko an ƙetare sharaɗi, amma gara a fayyace mene ne sakaci tun ana dariya. Ni nakan ce in na matsa a shiga inda direba ya ƙi, abin da ya samu mota nawa ne. In shi ya yi gudun da na hana, jirgi ya bugu, nasa ne. Ina ba da kafin alƙalami, cikon kuɗi kuma sai jirgi ya sauka. Rasit ɗin jirgi da na inji suna aljihuna, domin jami'an tsaro a shingaye suna da hujjar tambaya, satar injin jirgi ba baƙon abu ba ne. Jami'an kiyaye haɗurra su kuma fitilun bayan tirela suke dubawa, kuma gaskiyarsu ce. Bayan sallar Asuba muke tashi, ba na yarda dare ya same mu da jirgi a hanya. In ruwan baƙo ne, gaisuwar sarkin ruwa tana gaba da sauke jirgi, kuma nakan wanke tirela da gindin jirgin don kada in kwashi kainuwa daga wani ruwa in kai wani.

Shata tana da nata ciwon, ba zan ɓoye ba. Da kaka motoci suna kan jigilar shinkafa da masara. Da rani kuma kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana janye direbobin wannan yankin, kuɗi ya hau, wanda ka saba da shi ma ya ce sai jibi. In jirgi ya tsage ba zato a irin wannan lokaci, jira ya zama dole, masuntan da ke kawo maka kifi kuma ba za su jira ba, wani za su sayar wa. Wannan asara ce ta gaske, na kuma ɗanɗana ta. Abin da ke rage ta shi ne kada ka dogara da direba ɗaya, ka sanar da wuri in tafiyar sananniya ce, ka biya ba ja-in-ja. Direban da ya koma gida da kuɗinsa cif da 'yar ledar tarwaɗa ga iyali yakan ɗaga wayarka ko yana tsakiyar lodi.

Kuɗin da zan zuba a mota, wani ɓangarensa na sayi ƙaramin inji mai ƙarfin doki 15 na ko-ta-kwana da rigunan ruwa ga duk wanda zai hau jirgin, sauran ya shiga jarin kifi. Ranar da kifin da nake tarawa ya kai cika bayan akori-kura kullum, lissafin zai canza, zan kuma saya, amma saboda kifin, jan jirgi ya zama ƙari. Kafin nan, damina mai zuwa mun yi magana da wani abokin sana'a mai ƙaramin kwalekwale cewa za mu haɗa Kanta ɗaya zuwa Haɗeja, nasa a cikin nawa, mu raba kuɗin gida biyu.