Ciwon yana cikin tanki

A sati na uku da fara koyon noman ruwa, wanda ake yi ba tare da ƙasa ba, na tsaya ina kallon latas ɗin da gefen ganyensa ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Na juya ganyen, na nemi ƙwaro, ban ga komai ba. Maigidan da ke koya mini aikin ko kallon shukar bai yi ba. Durƙusawa ya yi ya ɗaga murfin tankin da ke ƙarƙashin tebur, ya tsoma ma'auni, sannan ya ɗago ya ce, "Kai, me kake zuba wa ruwan nan?"

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Tire ne a sama cike da tsakuwar yumɓu, tankin ruwan taki a ƙasa, famfo a nutse a cikinsa. Agogo ya kunna famfo, ruwa ya hau ya cika tire na kamar minti 15, sai ya kashe, ruwan ya gangaro ya koma tanki. Garin sauka yake jawo wa saiwoyi sabuwar iska. Akwai wani bututu a tsaye cikin tire da ke mayar da rarar ruwa don kada ya yi ambaliya.

Laifina shi ne, duk sa'ad da na ga ruwa ya ragu sai in haɗa sabon ruwan taki in cika. A tunanina shuka ta ci, dole a ƙara mata. Ashe idan ana zafi, shan ruwanta ya fi cin takinta yawa, ga kuma wanda ke bin iska. Ruwa ke tafiya, gishirin taki na nan kwance, ni kuma ina ta jibga masa wani. Ma'aunin kaurin taki da ake so ya tsaya tsakanin 1.2 da 1.8 ga latas, ranar nan ya haura 3. Idan ruwa ya yi kauri haka, saiwa ba ta iya zuƙarsa yadda ya kamata, sai shuka ta yi ƙishirwa alhali tana cikin ruwa tsamo-tsamo. Tun daga nan nake cikawa da tsabar ruwa, in auna, sannan in ga ko akwai buƙatar taki.

Awon tsami, wato pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu, shi ma ya wahalar da ni. Ana son sa tsakanin 5.5 da 6.5. Da ya hau sama da haka, sinadarin ƙarfe yana cikin ruwan amma shuka ba ta iya ɗauka, sai sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa su tsaya kore. Na ɗauki kwanaki ina binsa da ɗigon asid safe da yamma, ya sauka ya hau, har aka nuna mini cewa ma'aunin nawa ne ya kauce. Ban taɓa saita shi da ruwan gwaji mai lamba 4 da 7 ba. Na ji kunya ƙwarai.

Zafin ruwa kuwa hanci ne ya fara gaya mini. Tsakanin digiri 18 da 22 ya fi dacewa. Da ruwa ya yi ɗumi, iskar cikinsa ta ragu, saiwar da take fara fat sai ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta ɗauki warin ruɓa. Na janye tankin daga inda rana ke bugunsa, na sa dutsen kumfa mai hura iska cikin ruwa, na kuma toshe duk kafar da haske ke shiga, domin gansakuka ba ta buƙatar fiye da haske da taki.

Takin kwalabe biyu ne, kuma ba a haɗa su da kaurinsu. Sinadarin kalsiyam da ke cikin ɗaya na haɗuwa da fosfet da ke cikin ɗayan ya zama farin laka a gindin tanki. Ɗaya ake zubawa, a motsa sosai, sannan ɗayan.

Girman tanki ma na raina shi da farko. Dole ya iya karɓar duk ruwan tire idan wuta ta ɗauke, kuma idan tire ya cika, ragowar ruwan ya rufe famfo, in ba haka ba ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone.

Yanzu duk sati biyu nakan zubar da ruwan gaba ɗaya, in goge bangon tankin, in kwance matatar famfo in cire guntayen saiwa da ƙurar yumɓu. Latas ɗin nan da ya ƙone bai warke ba, amma ganyen da ya fito bayan kwana goma lafiyarsa ƙalau.