Rimot ɗin tada mota da makulli mai cif: bayani ga 'yan Kaduna sababbin zuwa Kanada

Wanda ya tashi a Kaduna ya san hunturu: asubar Janairu a Kawo ko Rigasa a sa rigar sanyi, a ji ɗumin wuta, ƙarfe goma na yi an manta. A Winnipeg da Regina da Edmonton lissafin daban ne. Akwai safiyar da ma'auni ke sauka digiri 30 ƙasa da sifili, gilashin mota ya daskare ciki da waje, sitiyari ba ya riƙuwa sai da safar hannu. Shi ya sa bayan maganar haya da makarantar yara, abin da sabon zuwa ke yawan tambaya idan an idar da Juma'a shi ne rimot ɗin da zai tada mota tun yana cikin ɗaki. Yawancinmu da motar hannu muke farawa, wadda ba ta zo da shi daga kamfani ba, sai a sayi na kasuwa a ɗaura. A nan ake cin karo da makulli mai cif.

Tun daga 1 ga Satumba 2007 doka ta wajabta wa duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Kanada na'urar hana sata, don haka da wuya ka sayi motar da ba ta da ita. A cikin baƙar robar kan makullin akwai ɗan cif da bai fi ƙwayar shinkafa girma da yawa ba, kuma ba shi da batir. A bakin ramin makulli akwai zoben waya. Da ka murɗa, zoben ya ba cif ɗin wuta ta iska, cif ya amsa da lambarsa, ƙwaƙwalwar mota ta duba. Idan lambar ta yi daidai ta saki mai da wuta. Idan ba ta yi ba, wata motar ba za ta ko yi kik ba, wata ta yi kik ba ta tashi ba, wata kuma ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu, fitilar tsaro tana ƙyaftawa a dashbod. To shi rimot ɗin kasuwa aikin hannunka kaɗai ya iya: ya ba wayoyin iginishan wuta, ya buga kik. Ba shi da lambar da zai gaya wa motar. Dole a haɗa shi da wani ɗan akwati na biyu da zai ba motar lambar, wanda masu aikin ke kira baifas, kuma ɗan Kaduna ba ya buƙatar a fassara masa wannan suna.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san irin tsaron motarka, domin ba ɗaya ba ne. Tsofaffin motocin GM, tun daga Corvette ta 1986, ɗan baƙin tsinke ne a jikin ƙarfen makullin, wanda ba cif ba ne, resista ce mai awo iri 15. Ford ta fara nata tsarin mai suna PATS a 1996. A Toyota kuwa ka duba gindin ƙarfen makullin: za ka ga ɗigo, ko harafin G, ko H, kuma kowanne da manhajarsa. Corolla biyu masu kama ɗaya, ɗaya G ɗaya H, ba sa ɗaukar shiri ɗaya. Shekarar mota ma kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Lambar jikin mota, wato lambar shasi (VIN), tana da alama 17, ta goman ita ce ke faɗin shekarar samfurin, kuma da ita ake zaɓen kaya. A Manitoba akwai ƙarin abu: wasu tsofaffin motoci an ɗaura musu na'urar hana sata daga baya, lokacin da satar mota ta addabi Winnipeg. Idan ka ga wani ɗan baƙin abu a rataye da makulli, ka nuna wa mai aikin tun farko, don wannan kulle ne na daban.

Akwai tsohuwar dabara da har yanzu ake ba sababbin zuwa shawararta saboda arha. A ɗauki makulli ɗaya a kulle shi cikin akwatin roba a ƙarƙashin dashbod, a ja zobe daga akwatin zuwa ramin makulli. Mafi muni ma, a ɓalle cif ɗin a manna shi da salatif a jikin zoben. Motar za ta tashi, ba musu. Amma a hanya ta biyun ka kashe tsaron gaba ɗaya, duk wanda ya iya murɗa ramin ya tafi da ita. A ta farkon kuma ka ajiye wa ɓarawo makulli a cikin mota, ka rage naka, sannan ranar da aka sace ta akwai tambayoyin da masu inshora za su yi maka waɗanda ba za ka ji daɗinsu ba. Ga shi zoben yana gocewa da girgiza, sai ka ga yau ta tashi gobe ta ƙi. Ban ga dalilin bin wannan hanya ba sai a motar da babu wani baifas da ya santa, kuma irin waɗannan kaɗan ne.

Hanyar da ta dace ita ce baifas mai koyon lambar makulli, wanda ba ya amsa wa motar sai a lokacin da rimot ya umarce shi. Sanannu su ne iDatalink da Fortin, duka biyun na Montreal, da kuma na kamfanin da ke yin rimot ɗin Viper. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwatin yakan zo fanko. Sai an jona shi da kwamfuta ta igiyar kamfaninsa, Weblink ga iDatalink, Flash Link ga Fortin, an zuba masa manhajar ainihin motarka. Wanda ya saya ta intanet ya ɗaura haka nan, zai kwana yana canza wayoyi ba abin da zai motsa. Idan ba ka da igiyar, ka ba mai sayarwa sunan mota, shekara, irin makulli, da ko otomatik ce ko mai kuloci, ya zuba kafin ya aiko.

Sai maganar makullai biyu, kuma nan ne masu sayen motar hannu ke shan wahala, don sau da yawa makulli ɗaya ake miƙo musu. Motocin Ford da yawa ba sa karɓar sabon makulli sai an nuna musu na asali guda biyu ɗaya bayan ɗaya, kuma a wajensu baifas sabon makulli ne. Kwafin da aka yi ta kwaikwayon lambar na farko ba ya cika biyun, domin motar makulli ɗaya take gani. Mafita ita ce tsarin da iDatalink ke kira KLON, Fortin kuma DCryptor: a fara shirin a cikin mota da makulli ɗayan, a cire akwatin a kai kwamfuta mai intanet ta warware lambar, a mayar. Wanda ya tsaya a zangon farko ya ɗauka ya gama, shi ne zai dawo yana cewa kayan ba su da kyau. Kuma ko da wannan ta yi, ka yanka makulli na biyu. Ɓatan guda ɗaya tilo a tsakiyar sanyi ba ƙaramar asara ba ce.

Wajen haɗin waya, idan akwai soket ɗin da aka ƙera wa motarka, wanda ke shiga tsakanin soket ɗin iginishan ba tare da an yanka komai ba, ka saye shi ko ya fi tsada. Idan babu, mita za ka riƙe. Fitilar gwaji irin wadda masu rewaya suka saba da ita a gida ka ajiye ta, tana jan wutar da za ta iya lalata ƙwaƙwalwa, kuma duk waya mai rigar ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, ba a taɓa ta. Waya mai wuta kullum tana nuna volt 12 ko babu makulli, a kanta ake sa fiyus, galibi amfiya 30. Ta iginishan tana da wuta a kunne da kuma lokacin kik. Ta hita da rediyo tana da wuta a kunne, ta ɗauke lokacin kik. Ta kik ba ta nuna komai sai ana bugawa. Wasu motocin suna da iginishan na biyu ko wayar hita ta biyu. Idan aka manta da su motar za ta tashi amma fanka ba ta juyawa, ko fitilar inji ta kama. Wayoyin saƙo guda biyu da ke murɗe da juna ana samunsu a ƙafa ta 6 da ta 14 ta soket ɗin da ake jona kwamfutar bincike, sai dai ka bi zanen motarka, don ba kowace ce ake ɗauka daga nan ba. Idan aka juya su baifas ba zai ji komai ba. Kowane haɗi a yi masa soda a rufe. Murɗe waya da hannu a naɗe da tef ba ya jure wannan sanyin, robar takan bushe ta saki.

Wayar birki da maɓallin bonet ba na ado ba ne. Ta birki ce ke kashe injin idan wani ya shiga ya taka babu makulli. Na bonet kuma shi ke hana motar tashi alhali hannun makanike na cikin inji. Mota mai kuloci sai da rimot ɗin da aka yi dominta: ka sa furi, ka ja birkin hannu, ka danna rimot, ka zare makulli inji na aiki, ka fita ka rufe ƙofa sannan ya mutu. Ko wa ya sake buɗe ƙofa shirin ya warware. Duk mai aikin da ya ce zai saita ta a matsayin otomatik don sauƙi, ka ɗauke motarka. Ranar da aka bar ta a giya za ta zabura da kanta, kuma ba ka san ɗan wa ke gabanta ba.

Idan an gama ta ƙi tashi, akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama cikin minti guda. Zura makullin a ramin, kada ka murɗa, sannan ka danna rimot. Idan ta tashi ta zauna, wayoyin rimot lafiya suke, laifin na baifas ne: ko manhajar ba tata ba ce, ko bai koyi makullin ba, ko ba a tashe shi a kan lokaci. Wannan na ƙarshen yakan faru idan an haɗa akwatunan biyu da igiyar saƙo amma kowanne an saita shi a kan yaren wani kamfani, ko kuma a haɗin waya-da-waya an manta da wayar da ke ba baifas alamar an fara. Idan ko da makullin a ciki ta ƙi, ka bar baifas ya huta. Ƙirga ƙyaftawar ƙananan fitilu ka duba takardar rimot ɗin, kowane adadi da ma'anarsa. Mafi yawa maɓallin bonet ne gishirin titi ya cinye, ko kuma an shiga yanayin da ke kashe tadawa ba a sani ba, ƙofofi na buɗewa amma inji shiru. Wadda take tashi ta mutu ta sake gwadawa alhali fitilar tsaro ba ta ƙyaftawa, rimot ne bai gane injin ya kama ba. A sake koya masa juyin inji bayan ya yi ɗumi.

Akwai kuma wadda take lafiya a Oktoba ta ƙi a Janairu. Wannan batir ne kusan kullum. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a hutu, idan ya sauka 12.2 ya kusa rabi, kuma sanyi yana ƙara rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri. Tadawa sau uku a rana ba tare da tafiya mai nisa ba tana ƙara cinye shi. Rimot bai maye gurbin igiyar ɗumama inji da ke leƙowa ta gaban mota ba. Idan sanyi ya wuce digiri 15 ƙasa da sifili, ka jona ta awa biyu zuwa huɗu kafin fita. Kuma tun da dare ka bar hita a kan gilashi da fanka a kunne, don rimot ba ya murɗa maka su. Idan ka shiga, ka murɗa makulli zuwa kunne kawai, kada ka kai kik, sannan ka taka birki.

Kada a tada mota a cikin gareji ko da ƙofarsa a buɗe take, kuma bayan zubar ƙanƙara a share bakin salansa tukuna. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. A ajiye rimot inda yara ba sa kaiwa. Doka ma ta bambanta: Toronto minti ɗaya ta yarda inji ya yi aiki a tsaye cikin awa guda, a Ingila kuma haramun ne barin mota a kunne babu kowa a kan titin jama'a.

Masu aiko da mota gida, ku riƙa faɗa wa wanda zai karɓa cewa akwai rimot a jikinta, ku haɗo da takardunsa da duka makullan. Mai rewaya a Panteka ko Kurmin Mashi idan ya ga baƙon akwati a ƙarƙashin sitiyari, batir kuma na zuƙewa, abu na farko da zai yi shi ne ya yanke shi. Idan da soket aka ɗaura, a zare a mayar da na asali mazauninsa, shi ke nan. Idan kuwa an yanka wayar kik ko ta cif aka bi da ita ta cikin akwatin, sai an sake haɗa bakin biyun da soda, in ba haka ba motar ba za ta tashi ba ko da makullinta na asali.