Tsakanin Kano da Jidda

Tun da na dawo daga Umara, tambayar da dattawan ƙauyenmu a ƙasar Ringim suka fi yi mini ita ce nisan hanya. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, kuma jirgin da bai yada zango ba yana cinye ta cikin awa 4 da rabi zuwa 5. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa 2, shi ya sa matafiyi yake ganin kamar yini ya gudu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tunawa da kakanninmu, waɗanda suka ratsa Borno da Cadi da Sudan a ƙafa, suna tsayawa noma da ƙwadago domin neman guzuri, kafin su haye Bahar Maliya daga Sawakin. Wasu sun shekara bakwai a hanya, wasu can suka zauna har zuriyarsu ta yaɗu. Allah Ya jiƙansu da rahama.