Makonni biyar da ruwa ya cinye mini a bututun ziyolait

Har yanzu in na buɗe littafin da nake rubuta sakamakon gwaji na ci karo da shafukan nan da na soke da jan biro, sai raina ya sosu. Aikin makonni biyar ne a kwance cikinsu. Abin haushin kuma, ruwa ne ya ci su, ruwan da ko ɗigonsa ban taɓa gani da idona ba.

Aikin da aka ɗora mini ba shi da wuyar faɗa. A haɗa iskar kabon dayoksaid kashi 15 cikin ɗari da naitirojin kashi 85, kwatankwacin hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal, a tura ta cikin siririn bututun ƙarfe da aka cika da ziyolait samfurin 13X, wani sinadari mai ƙananan ramuka da ke kama kabon dayoksaid, sannan a zauna a ga tsawon lokacin da za a ɗauka kafin kabon ɗin ya fara ɓullowa ta ɗaya bakin. Giram 10 na zuba, 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙananan tsakuwa, iskar kuma tana tafiya mililita 100 a minti guda. Lissafina a takarda ya ce in dai kowane giram zai riƙe wajen milimol 3 na kabon (milimol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne) a wannan yanayi, to zan yi kusan minti 50 ina kallon sifili a fuskar na'urar auna kabon.

Minti 7 na samu. Na sake, na samu 6.

Daga nan na shiga farautar mai laifi. Na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu ina neman inda iska ke zurarewa, babu ko kumfa ɗaya. Na sake daidaita na'urar auna kabon har sau uku. Da duk suka fita daga zargi, sai na juya kan waɗanda suka sayar mana da kayan, na zauna na rubuta musu wasiƙa mai zafi cewa sun aiko mana da jabu. Laifi tudu ne. Wannan wasiƙar ita ce abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin, don amsar da suka turo cikin ladabi tambaya ɗaya ce a ciki, wadda a lokacin na ɗauke ta raini: yaya nake busar da shi kafin gwaji?

Ga yadda nake yi. In zuba shi a faranti, in sa a tanderun da muke busar da kwalaben gwaji a digiri 120 ya kwana, da safe in fito da shi in ajiye a kan tebur ya huce yayin da nake harhaɗa bututu. Haka na saba yi wa silika, wato ƙwayoyin nan masu shan danshi, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Wani dattijo da ya daɗe yana kula da na'urorin ɗakin ne ya tsaya a kaina wata safiya, ya dubi farantin a buɗe, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, digiri nawa ka gasa wannan?" Na ce, "120 ne, Malam, kuma kwana ya yi." Ya ce, "To shanya ka yi, ba gashi ba. Auna shi yanzu ka rubuta, ka kai shi 350, ka sake aunawa kafin ya sha iska." Bai ƙara ko kalma ba ya wuce abinsa.

Giram 10 ya dawo giram 8 da ɗan ɗigo. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da nake kira ziyolait, ashe ruwa ne. Na daɗe tsaye gaban sikelin.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne sunan ziyolait ma kansa gargaɗi ne. Axel Cronstedt, masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, shi ya raɗa sunan a 1756 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin dutse mai tafasa, saboda da ya ɗora dutsen a wuta tururi ya riƙa fita daga cikinsa. Na karanta wannan tun ina ɗalibi, na haddace shi don jarrabawa, amma bai taɓa biyo ni cikin ɗakin gwaji ba.

Kuskuren tunanina shi ne na ɗauki 13X a matsayin rariya kawai, ƙarami ya wuce babba ya tsaya. Ƙofofin ramukansa sun kai wajen nanomita 0.74, alhali ƙwayar kabon dayoksaid 0.33 ce, ta naitirojin 0.36. Dukkansu shiga suke yi a sake. Abin da ke bambanta su yana ciki: kowane alminiyam da ke jikin ginin ziyolait ɗin yana barin cajin lantarki da sodiyam ke zuwa ya cike, kuma waɗannan sodiyam ɗin su ke kama kabon dayoksaid da ƙarfi su bar naitirojin ya wuce kusan salin alin. Matsalar ita ce sun fi son ruwa nesa ba kusa ba. In ruwa ya riga ya zauna a kansu, kabon sai dai ya leƙa ya wuce. Digiri 120 yana korar ruwan da ke sako-sako ne kawai, wanda ya manne wa sodiyam yana nan daram, sauran gurbin da aka samu kuma danshin ɗaki ya cike shi a kan teburina yayin da nake ɗaure noti.

Na sauya tsari gaba ɗaya. Yanzu a cikin bututun nake gasa shi, busasshen naitirojin na ratsawa, ba ya sake ganin iskar ɗaki har a gama gwaji. Zafin ma a hankali nake ɗaga shi, in tsaya wajen digiri 110 na ɗan lokaci kafin in haura 350, domin in aka yi gaggawa tururin da ke fita yana iya lahanta ginin ziyolait ɗin kansa. Gwajin farko bayan haka ya ba ni minti 41, wanda ya yi daidai da lissafi in aka yi shi da giram 8 na gaskiya. Na kai hannu jikin bututun na ji ɗumi a wuri guda, ɗumin kuma yana matsawa gaba sannu a hankali. Zafin da kamun kabon ke saki ne. A makonni biyar ɗin baya bututun sanyi ƙalau yake, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina dalili ba. Da na taɓa shi da hankalina a jikina tun ranar farko, da ban rubuta waccan wasiƙa ba.

Na ɗauka an wuce wurin. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Hayaƙin gaske ba busasshe ba ne, don haka mataki na gaba shi ne a bi da iskar ta cikin ruwa kafin ta shiga bututu. Zagayen farko bai yi muni ba. Amma da na bar iskar ta ci gaba da tafiya, sai na ga na'ura tana nuna kabon da ke fita ya ɗara wanda nake turawa. Na ce shi ke nan, na'ura ta sake lalacewa. Lafiyarta lau. Ruwan ne ke shigowa daga baya yana tumɓuke kabon da ya riga ya zauna, yana kora shi gaba. Sannan famfon zuƙe iska da nake amfani da shi tsakanin zagaye da zagaye yana fitar da kabon amma ba ya iya ɓamɓare ruwan, sai ya zama kowane zagaye ya fi na bayansa gajarta, har na koma kusa da minti 7 ɗina na dā. Ganin wannan lamba a karo na biyu ya fi na farko ciwo.

Maganin dai tsoho ne, ni ne baƙo. Ana sa shimfiɗar silika ko alumina a gaba ta tare ruwa, ziyolait ya zauna a baya ya ji da kabon. Ko a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ɗaya daga cikin na'urorin da ke tsame kabon dayoksaid daga iskar da 'yan sama jannati ke shaƙa sai ta bi da iskar ta gadon busarwa na silika da 13X tukuna, kafin ta kai ga wani samfurin ziyolait, 5A, mai kama kabon. Wato a can 13X ɗin da nake ta fama da shi aikin shan ruwa ma aka ba shi. Da na gano haka dariya na yi, irin wadda ba ta daɗi ba.

Akwai ziyolait masu yawan silika da ƙarancin alminiyam waɗanda ba su damu da ruwa sosai ba, na kuma gwada ɗaya. Sai dai abin da ya rage musu son ruwa shi ya rage musu kama kabon, musamman in kabon ɗin kaɗan ne a cikin iskar. A ganina, ga hayaƙi mai kashi 15, gara 13X da shimfiɗar busarwa a gabansa, in dai mutum ya sa wutar da busarwar za ta ci a cikin lissafinsa tun farko. Duk rahoton da ya kawo mini lambobi masu kyau bai faɗi digirin da aka gasa kayan da yawan danshin iskar ba, yanzu ajiye shi nake yi gefe.

Sabon ɗalibin da aka haɗa ni da shi, ranar farko ban bar shi ya taɓa bututu ba. Na ba shi giram 2 na gasasshen 13X a buɗaɗɗen faranti, na ce ya ɗora a sikeli ya riƙa rubuta nauyin duk bayan minti biyar. Kafin rabin awa ya zo ya same ni, wai sikelin ya lalace, lamba sai hawa take yi ba wanda ya taɓa shi. Na ce ya koma ya ci gaba da rubutawa.