Daga ɗakin horo na Yamai zuwa ƙofar mangaza

Shekara tara ina lodin buhu a mangazar wani ɗan kasuwa nan Maradi kafin 'yan'uwa su ɗora mini sakataren ƙungiyarmu. Dalilinsu ɗaya, na ɗan yi lakkol, ina karanta Faransanci. Da uwar ƙungiya ta kira horo na kwana biyar a Yamai, da tallafin wata ƙungiyar ƙwadago ta Turai, ni aka tura.

A can na fara jin cewa Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, tana da yarjejeniya mai lamba 87 kan 'yancin kafa ƙungiya da mai lamba 98 kan 'yancin zama a daidaita da mai gida, kuma Nijar ta amince da su tun farkon shekarun 1960. Aka buɗe mana kundin dokar aiki na 2012. Amma abin da ya fi shiga raina wata baiwar Allah ce ta koya mana shi: kada ka je gaban mai gida da kuka, ka je da lissafi. Buhu nawa, awa nawa, wa ya ji ciwo, yaushe.

Na dawo da takardu cike da jaka da baki cike da Faransanci. Na tara mutane ƙarƙashin bedi ina ta zuba. Wani dattijo da kafaɗarsa ta yi kanta saboda dako ya bari sai da na gama, ya ce, "Ɗana, mun ji. To buhun nawa za a biya?" Wasu kuma kuɗin zaman da aka ba ni suke tambaya. Ban ga laifinsu ba, sun sha ganin shugabanni na yawon taro su kuwa ba abin da ya canza.

Daga ranar na ajiye takardun, na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace Juma'a bayan masallaci kowa ya ba da dala ashirin, in rubuta a gabansa, in karanta jimla da ƙarfi. Wata uku muna ƙirga tirelolin da muka sauke. Ranar da buhun shinkafa ya faɗo wa wani yaro ya karye a ƙafa, muka shiga wajen mai gida mu huɗu. Na ce, "Alhaji, ba faɗa ya kawo mu ba, ga lissafi." Ya juya shafukan, ya yi shiru. Ya ɗauki kuɗin magani, ya ƙara ɗan abu a kan buhu. Rajistar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, da muka roƙa har yau ana ta jan ƙafa, kuma abin yana ci mini rai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Najeriya, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, lodi ya tsaya. Masu tallafi da yawa suka janye daga ƙasar, kiran horo ya ɗauke. Dala ashirin ɗin nan ce ta saya wa gida goma sha ɗaya gero, tiya bibbiyu.

Yanzu yara biyu nake koya wa riƙe littafin, da Hausa. Ɗaya da ajami yake rubutu, na ce ya ci gaba a haka.